Yadda Gidan Hajiya Yalwa Ya Koyi Jira

Ku da kuke zuwa shagona a Kawo kuna cewa a koya muku aikin nan kafin ƙarshen wata, ga amsata a rubuce, don bakina ya gaji da maimaita ta. Kun ga ana manna ɗan farin kwali a bango, ana danne-danne a waya, mutum ya shigo ɗaki fitila ta kama da kanta, sai kuka ce ai wannan wasan yara ne. Da gaskiyarku, iya nan kam wasan yara ne. Aikin yana farawa ne daga inda motsi ya tsaya. Gida zai jira har yaushe kafin ya yanke hukunci? In ya fara jiran, me zai sa ya fasa? Wanda bai iya amsa waɗannan ba, mai manne-manne ne kawai. Ni kaina, da furfurata da yawon duniyata, ban gama gane su ba sai a gidan wata tsohuwa a Unguwar Kanawa, Hajiya Yalwa, wadda ɗanta ya rantse zai kwashe ta zuwa Abuja in aikina bai tsare ta ba.

Kafin in kai ku gidanta, ku san kayan aiki. Ɗan kwalin nan mu a shago ido muke ce masa, ko da yake ba gani yake yi ba, ɗumin jikin mai rai yake ji in ya gitta ta gabansa. Akwai kuma ɗan maganaɗisun da ake sa wa ƙofa, shi ya san an buɗe ko an rufe. Dukkansu suna kai rahoto ga wani akwati da bai kai kwanon sha girma ba, shi ne ƙwaƙwalwar gidan, a cikinsa ake rubuta ƙa'idoji ta waya. Sai tsani, filaya, sukudireba, testa, injin huda bango, da batura cike da aljihu. Amma babban kayan aikina kujera ce 'yar tsugunno, wadda kuke yi wa dariya in kun gan ta ɗaure a bayan babur ɗina.

Ranar da aka kai ni koyon aiki wurin Malam Iliya, mai jan wayar lantarki a bayan Babbar Kasuwa, na zaci filaya zai miƙo mini. Sai ya kai ni wani gida da za a ja wa waya a Badarawa, ya zaunar da ni a tsakar gida a kan irin wannan kujera, ya ce kada in taɓa komai. Da yamma ya dawo ya ce, “Da wane hannu matar gidan take tura ƙofar kicin?” Na ce ban lura ba. Ya ce, “To gobe ma zama za ka yi.” Sai da na iya gaya masa cewa da gwiwar hannu take turawa, don kullum da tukunya a hannunta, sannan ya nuna mini inda makunni zai zauna. Ya ce waya ba ta da wuya, masu gida ne da wuya.

Daga nan na yi Ikko, na yi Kwatano, na yi shekaru a Jidda ina sa wa otal-otal idanu a ƙarƙashin wani Bamisire mai faɗa kamar an taka masa ciwo. Na leƙa Jamus, na yi ta zirga-zirgar sayen kaya a Sin. Na tsinci Yarbanci da Faransanci da Larabci, da Sinancin da bai wuce na ciniki ba. Abin da na lura da shi, kowace al'umma tana zuba halinta a cikin na'urarta. A Jamus fitilar bene tana ba ka daidai lokacin da Bajamushe yake buƙata ya hau. Ka tsaya gaisawa da maƙwabci, sai ka ƙarasa da lalube. Su ba sa tsayawa, shi ya sa ba su san da matsalar ba. Irin waɗannan idanun, da irin wannan lissafin, ake sako mana a kwali, ku kuma ku manna su a gidan Bahaushe yadda suka zo, a sallame ku, ku kama gabanku.

Shekarar da aikin Hajiya ya zo, ita ce shekarar da na kusa komawa gyaran fanka. An yi bazara mai zafin da bango ya ɗau ɗumi daidai da jikin mutum, idanun da na sa a gidaje da dama suka kasa bambance mai gida da bangonsa. Wani attajiri a Malali ya shiga falonsa da baƙi daga Katsina, fitila ta ƙi kamawa, ya tsaya a tsakiya yana kaɗa hannun babbar riga kamar mai korar shaho, baƙi suka dukufa kallon takalmansu. Kafin damina ta sauka, sunana a kasuwa ya koma Mai Makafi. Na bi gida-gida na cire su na sa masu jure zafi, shago ya yi wayam, masu kira suka ɗauke ƙafa. Don haka ranar da Bashir ya shigo, da hulata na kakkaɓe masa benci.

Bashir shi ne ɗan farin Hajiya Yalwa, ma'aikaci a Abuja, mutum mai natsuwa da ladabi, sai dai tsoro ya shige shi. Mahaifiyarsa ta zame a banɗaki ta bugu a ƙugu, ta daɗe a ƙasa kafin maƙwabciyarta Tabawa ta shigo aron rariya ta same ta. Ya ce ta koma wurinsa. Ta ce gidan da aka kawo ta tana amarya, aka fitar da mijinta daga cikinsa, ita ma daga nan za a fitar da ita. Ya kawo mata 'yar aiki, ta kora. Ya ce to a sa kyamara, ta ce ba a haifi wanda zai kalle ta tana alwala daga Abuja ba. Aka tsaya a kan idanuna, tunda ba sa ɗaukar hoto.

“Baba Haruna,” in ji shi, “abu biyu nake so. In ta daɗe ba ta motsa ba, wayata ta gaya mini. In ta fita daga gida ma ta gaya mini, don likita ya ce ta hutar da ƙafar, ita kuwa ba bikin da ke wuce ta. Na gaya mata a gaban kawuna, in abin nan bai tsare ta ba, zuwa zan yi da mota, ba sauran shawara.”

Ranar da na je ganin gidan, Hajiya ta dube ni daga hula har takalmi, ta ce, “Mutumin ina ne?” Na ce asalina Zariya. Ita kuwa Bakanuwa ce, sai ta tafa hannu.

“Shi ke nan. Duk faɗin Kaduna a rasa mai gadina sai Bazazzagi. Tabawa, ɓoye tukunyar miya.”

Na ce, “Hajiya, ni dai ki bari in gama aiki kafin ki sayar da tsanin. Na san Bakano ko inuwa ya gani sai ya taya.”

Daga nan muka shirya. Ba ta kiran sunan Bashir, kunyar ɗan fari, sai dai ta ce mutumin Abuja.

Na yi zaman kujerata wuni guda, na ga tsohuwa mai bin doka: daga ɗaki zuwa rumfa, daga rumfa zuwa darduma, ko ƙuda bai yi sallama ba. Washegari na sa ido a ɗaki, a rumfa, a hanyar banɗaki. Na tsakar gida na toshe masa ƙasa da tef, don kada ya riƙa ƙirga tunkiyarta da ke ɗaure a bayan kicin. Na sa maganaɗisu a ƙofar zaure, na haɗa akwatin da batir saboda ɗauke wuta. Sannan na rubuta ƙa'ida biyu. Ta farko: in da rana motsi ya ɗauke ya daɗe, ƙararrawa ta yi ɗan kuka a cikin gida, gida ya jira. In ta motsa, a fasa. In ba ta motsa ba, saƙo ya tafi Abuja, ƙararrawar gidan Tabawa ta kaɗa. Ta biyu: in an buɗe ƙofar zaure kuma cikin gida ya yi shiru, a gaya wa Bashir ta fita.

A nan ne yawancinku kuke faɗuwa, don haka ku buɗe kunne. Kuna sa jira, ku manta da fasawa, sai mutum ya dawo ɗaki ya zauna, fitila ta mutu a kansa, don tsohon umarni yana nan tafe ba wanda ya tare shi. Ko kuma kowane motsi ya tayar da sabuwar ƙidaya ba tare da an kashe tsohuwar ba, su taru a cikin akwati kamar fasinjojin Kawo da yamma, kowa yana ihun a sauke shi. Duk jiran da ba a yi masa ƙofar fasawa ba, tarko ne.

Ba a rufa mako ba Bashir ya kira ni. “Baba, wayata ta ce ta fita, ta dawo, ta fita, ta dawo, tun safe abu ɗaya. Kasuwa ta buɗe ne a ƙofar gida?”

Na ɗauki kujera na je ba sanarwa. Ashe ranar zamana na farko aika ta yi wa kowa kada a zo, akwai Bazazzagi a gida. Yau kuwa na ga gidan a ainihin kamarsa, na kuma ga abin da ya ruɗa akwatina: rakiya.

Bajamushe in ya ce sai an jima, bayansa za ka gani. Balarabe zai riƙe hannunka a bakin ƙofa ya rantse sai ka ci abinci. Bayarabe zai rusuna ya jero gaisuwa, amma in ya gama ya gama. Matan Unguwar Kanawa kuwa, sai an jima a wurinsu buɗe taro ne. Baƙuwa ta miƙe, Hajiya ta ce bari in taka miki. A zaure za a faɗi ainihin abin da ya kawo ta, wanda ba a faɗa ba duk zaman da aka yi a ɗaki. A bakin ƙofa baƙuwa ta ce, “Koma haka nan, Hajiya, ƙafarki.” Hajiya ta ce, “Bari dai in kai ki wurin mai ƙosai.” A wurin mai ƙosai baƙuwa ta ce ai ba za ta bar tsohuwa ta koma ita kaɗai ba, ta rako ta gida. A zaure Hajiya ta tuna ba ta ba ta daddawa ba, a koma ciki. Sai a sake sabon sai an jima. Akwatina ɗan ƙasar waje yana ta aika wa Abuja cewa tsohuwa ta gudu.

Maganin bai ɗauke ni shan shayi ba, amma sai da na zauna na gani. Na sa wa ƙa'ida ta biyu jira mai tsawo, kamar a ɗora shinkafa ta nuna. In an buɗe ƙofa gida ya yi shiru, kada ya ce komai tukuna. Duk motsin da aka yi a ciki kafin shinkafar ta nuna, a fasa. Duk buɗe ƙofa, ƙidaya ta koma farko. Na kuma sa wayar Bashir ta riƙa nuna masa in ya duba: ana jira, ko an fasa. Ya ce to, amma muryarsa ta nuna mota tana nan da mai a ciki.

Matsala ta biyu ta zo ne da la'asar. Hajiya in ta idar da salla takan zauna a kan darduma da carbi, ba abin da ke motsi a jikinta sai yatsu biyu da leɓe. Ido ba ya jin wannan. Ƙararrawar ciki ta yi kuka, Hajiya ta ji, ta ƙi motsawa. Jira ya ƙare, saƙo ya tafi Abuja, Tabawa ta faɗo gidan ba mayafi da ludayi a hannu tana salati, Bashir kuwa ya fice daga taro a ofis. Suka same ta zaune lafiya lau.

Da na zo na ce, “Hajiya, ai hannu kawai za ki ɗaga, ya fasa.”

Ta ce, “Ina ganawa da Mai Sama, in katse in ɗaga wa kwalin roba hannu? Ku a Zariya haka aka koya muku?”

Ta fi ni gaskiya. Na yi tunanin sa wani abu a ƙarƙashin darduma da zai ce tana zaune a kai, a daina ƙidaya. Na fasa, don wanda ya suma a kan darduma shi ma a kai yake. Sai na samo wani ɗan abu kamar ƙwallon dabino, mai jin girgiza, na ɗaura shi da zare a jelar carbinta. Muddin yatsa yana ja, gida ya san da ranta, ƙidaya tana komawa farko. In carbi ya tsaya, ita ma ba ta tashi ba, jira ya fara. Ta juya shi a tafin hannu, ta ce, “Wato in wannan yana rawa, mutumin Abuja yana barci lafiya?” Na ce haka ne. Ta ce, “Allah mai iko.” Na ɗauka yabo ne.

Aka samu kwanciyar hankali har aka fara kirana aiki a wasu gidajen, don Tabawa ta baza labarin carbin har Unguwar Shanu. Sai wata Laraba Bashir ya kira, muryarsa rabi murna rabi damuwa.

“Baba, tun hantsi Inna take lazimi. Ko azahar carbin bai tsaya ba. Ba ta sha ruwa ne?”

Na ce bari in leƙa. Na sami ƙofar zaure a sakale ta ciki, na yi ta sallama shiru. Na buga wa Tabawa. Ta fito tana kallon ƙasa, ta ce ita dai ba ta ga komai ba, ba ta ji komai ba, amma in ina so in shiga, akwai hanya. Ta kai ni bayan ɗakinta, ta janye wani tsohon langa-langa. Ashe akwai kafa a katanga tsakanin gidajen biyu, wadda matan suke bi tun mazajensu na raye, ba wanda ya nuna mini ita.

Carbin yana rataye a ƙusa a ɗaki, an kwance masa ɗan dabinona da ladabi. Dabinon kuwa na same shi a bayan kicin, ɗaure a wuyan tunkiya, tana kwance a inuwa tana tuƙa hankalinta kwance. Kowace tauna, Abuja tana samun labarin ibada.

Na yi aiki a ƙasashe da yawa, na ga ɓarayi sun rufe ido da kwali, na ga ma'aikatan otal sun manna masa cingam. Ban taɓa ganin wanda ya ɗauki tunkiya aikin wakilci ba. Na ajiye kujerata a rumfa na zauna, Tabawa ta zauna nesa tana tsince shinkafar da ba ta da tsakuwa.

Bayan la'asar langa-langa ya motsa, Hajiya ta sunkuyo ta kafar cikin leshi da gwaggwaro, da leda a hannu tana ƙamshin naman suna. Ta gan ni, ko gezau.

“Bazazzagi, hancinka ne ya kawo ka?”

“Tunkiya ce ta kira ni, Hajiya. Ta ce ta gaji, a karɓe ta.”

Ta zauna ta miƙe ƙafa. Suna ta je Rigachikun, jikar ƙawarta ce ta haihu. Na ce mata, da ta zame a can ko a hanya, gida yana nan yana rantsuwa cewa tana lazimi, ba mai nemanta sai dare. Gidan da aka yi wa wayo ya fi gidan da ba ido haɗari, don shi kwantar da hankalin mutane yake yi a kan ƙarya.

Ta ce, “Shi yana so ya san ban mutu ba. To ni ma ina so in san ban mutu ba. In na zauna a ɗaki ina ja wa kwali carbi, ta ina zan sani?”

Nan ma da gaskiyarta. Amma Bashir ne ya ba ni amanar aiki, ba zan bar shi yana sauraron tunkiya ba. Na ciro waya na rubuta masa abin da ya faru, na nuna mata.

“Na ɗora shi a kan jira, Hajiya. Ana kiran magariba zai tafi. Abu ɗaya ne zai sa ya fasa: ki kira shi da kanki ki gaya masa.”

“Ni za ka ɗaura wa ƙa'ida? A gidana?”

“Sana'ata ke nan, ban iya wata ba.”

Ta zage ni, ta zagi Zariya da ganuwarta. Da hakan bai yi ba, ta buɗe leda ta tura mini naman suna da cincin. Na ci, na yi hamdala, na ce nama ya yi daɗi amma saƙo yana nan. Ta ce Tabawa ta shaida, yau ta ga abin da ake faɗa a kan Zage-zagi da idonta. Ta ja lokaci har sai da ladan ya yi gyaran murya a lasifika, sannan ta fizgi wayarta.

“Kai, mutumin Abuja. Na je suna Rigachikun. Da ƙafata na je, da ƙafata na dawo. Wadda take maka lazimi tun safe tunkiya ce.”

 Sannan muka ji ya ce, a hankali, “Inna, Asabar ina nan tafe da mota.”

Ta ce Allah ya kawo shi lafiya, ta kashe, ta dube ni. “Ka ji daɗi?” Na soke saƙona, na kwashi kujerata.

Ranar Asabar Bashir ya ce in zo in cire kayana. Na zo da tsani, amma na ce masa a ƙa'idar aiki ba a cire ido sai mai gida ya fita. Na sami Hajiya ta ɗaure kayanta tsaf, ba gardama, ba ɓacin rai, har tana nuna wa Bashir jakar da zai fara sakawa a but ɗin mota. Natsuwar ta yi yawa. Na dubi Tabawa, ta kau da kai. Daga baya na ji tun ranar Alhamis take zaga unguwa.

Da hantsi aka gama loda mota. Hajiya ta yafa mayafi ta ce, “To, bari in yi sallama da mutane.”

Kamar an buɗe famfo. Matan layin suka fara shigowa, sai 'yan ajinsu na Islamiyya, sai mai ƙosai da ta bar kaskonta a wuta. Kowace ta zauna, a gaisa, a yi addu'a, ta miƙe, Hajiya ta ce bari in taka miki, a yi zaure, a yi ƙofa, a dawo. Wata ta ce wa zai riƙa raka ta asibiti. Wata ta ce ita kullum da safe sai ta ƙwanƙwasa ta ji muryar Hajiya kafin ta wuce kasuwa, yanzu wa za ta ƙwanƙwasa wa. Wani Bazamfare mai keke, wanda ashe shi ya kai ta Rigachikun ya jira ta ya dawo da ita, ya tsuguna a zaure yana cewa, “Hajiya, in kin tahi wa za ya ba ni hura?”

Bashir ya tsaya jikin mota yana duba agogo. Ya zaga, ya dawo, ya sake dubawa. Da azahar ta wuce ƙafarsa ta gaji, na tura masa kujerata a bakin zaure. Ya zauna. Daga nan ya daina duba agogo, ya koma kallon masu shiga da fita. Na san wannan kallon, Malam Iliya ya sa na yi shi.

Can ya ce, “Baba, kullum haka ake shiga gidan nan?”

Na ce, “Yau an ɗan ƙara gishiri. Amma miyar ita ce.”

Sai bayan la'asar aka samu Hajiya ta fito, aka ja ƙofar zaure, gida ya yi shiru a karon farko tun safe. Bashir ya duba wayarsa don sabo, ta nuna ana jira. Mata suka kewaye mota. Hajiya ta sa ƙafa ɗaya a ciki, ta riƙe ƙofa, ta tsaya.

“Af! Ban ba tunkiya ruwa ba.”

Tabawa ta ce za ta ba ta. Hajiya ta ce ai ba ta shan na hannun kowa. Ta sauke ƙafar, ta ratsa mutane, ta tura ƙofa, ta shige, ba ko ɗingishi. Bashir ya sake duba wayar, ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini. An fasa, tana ciki.

Ya yi dariyar da har sai da ya dafa mota. Da ya gama ya share ido, ya zaga ya buɗe but, ya fara sauke jakunkuna da kansa.

A rumfa aka yi sabuwar yarjejeniya, ni ina rubuta ta a cikin akwati. Na sa mata madanni a bakin zaure: in za ta fita ta danna, gida ya daina ƙidaya, ya jira har magariba. In ta dawo, a fasa. In ba ta dawo ba, Abuja ta ji. Ba za ta yi nisa ba sai da Tabawa ko Bazamfaren nan. Kafar katanga ma na sa mata maganaɗisu, Hajiya tana kallo tana cewa an toshe wa mata hanyar arziki. Sharaɗinta ɗaya ne, mutumin Abuja ba zai kama hanya ba sai ya ci tuwo. Dabinon ya koma jelar carbi, bayan ta sa an wanke shi da sabulu.

Tana nan a gidanta har yau. Kwanan baya na wuce na canza mata batura, ta ce in gaida Zariya in an bar ni na shiga.

Bashir ya roƙi in bar masa kujerar, na hana. Tana nan a shago. Wanda yake son aikin nan a cikinku ya zo ranar Litinin da safe, ya bar wayarsa a gida. Akwai wani gida a Unguwar Rimi da za mu sa wa ido, ina so in ji da wane hannu ake tura ƙofar kicin.